Yadda za ka haɗa gasar yara a unguwa ba tare da manya sun dagula ta ba

In kana shirin haɗa gasar ƙwallon yara a wannan hutun, ko an ɗora maka riƙon wata 'yar ƙungiya a unguwarku, to ka sani tun yanzu ba yaran ne za su ba ka ciwon kai ba. Yara in sun yi faɗa a fili kafin a kira Magariba sun shirya, sai ka gan su suna raba fiya wata ɗaya. Manyan da ke tsaye a bakin layi su ne aikin, wato koc, da uba, da yayan yaro, da mai gidan nan da ya sayi jesi yake ganin kamar yaran ya saya gaba ɗaya. Kuma duk abin da za ka yi a kansu ka yi shi kafin a busa usur na farko, don in wasa ya ɗau zafi wallahi ko mai unguwa ka kawo ba mai jin sa.

Fara da zama. Ka tara duk masu horar da ƙungiyoyin da za su shiga, kowa ya zo da uba ɗaya ko biyu daga cikin iyayen yaransa, ka roƙi wani dattijo da ake jin kunyarsa ya zauna tare da ku, liman ne ko tsohon hedimasta ko tsohon ɗan wasa. Dokoki a rubuta su da Hausa a takarda ɗaya tal, a karanta a gaban kowa, kowa ya sa hannu, a ɗau hotonta a tura guruf ɗin WhatsApp. Dokar da ta fi kowace aiki ita ce laifin ɗan kallo a kan ƙungiyarsa yake. Wanda ya shiga fili ko ya yi jifa ko ya zagi rafali, ba sai an tsaya binciken ɗan gidan wane ne ba, maki za a cire wa waɗanda ya zo goya wa baya. Ranar da aka fara cire wa wata unguwa maki uku saboda bakin mutum ɗaya za ka ga 'yan unguwar da kansu suna riƙe shi. A kuma karɓi kuɗin ajiya daban da na rajista, wanda ya gama gasa ba rigima a mayar masa da abinsa.

Sai maganar shekaru, kuma nan zan ɗan daɗe don nan ne iyaye suka fi ba ni haushi. An ce gasar 'yan ƙasa da sha uku ce, sai ka ga an shigo da wani ƙato muryarsa ta buɗe, an kankare masa gashin baki da reza da safen nan, koc yana rantsuwa wai girman jiki ne kawai gadon gidansu ne, uban kuma yana gefe yana gyaɗa kai alhali shi ya yanka ragon sunan. Wannan ciwon ba a unguwa kaɗai yake ba. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasan da suka je Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka taɓa bayarwa a baya, har aka ƙwace mana baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Da muka karɓi gasar 'yan ƙasa da 17 a 2009, a lokacin ne FIFA ta shigo da hoton MRI na wuyan hannu, ana duba ko ƙashin ya gama haɗewa don a gane wanda ya wuce shekarun. Mun ci wannan kofin sau biyar, 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma a 2016 yara fiye da ashirin suka faɗi gwajin nan ana gab da wasa da Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da mu.

Kai ba ka da MRI, amma kana da abin da ya kusa fin sa, kowa ya san kowa. Ka sa ranar tantancewa mako guda kafin a fara, a fili a gaban duk ƙungiyoyi. Kowane yaro ya zo da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, in babu ya kawo katin rigakafi na asibiti ko takarda daga hedimastan makarantarsa da ke nuna ajin da yake, don ita takardar rantsuwa ta kotu kowa ya san yadda ake samo ta. A ɗau hoton kowane yaro da sunansa, a duba kafin kowane wasa. Mai ƙorafi ya yi a ranar ko kafin a take wasa, ba sai an zura masa uku ba sannan ya tuna cewa lamba tara ɗin can ajinsu ɗaya da ƙanensa mai aure. Kuma in an kama, yaron a sallame shi cikin mutunci ba ihu ba ature, hukuncin a kan koc ɗin za a yi, don ba yaron ne ya rubuta wa kansa takarda ba. Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne ɗan sha biyu na gaskiya da zai yi karo da ɗan sha bakwai, ƙafarsa ce a cikin haɗari, sannan ga darasin da ya koma gida da shi cewa mai gaskiya benci yake zama.

Ranar wasa ka ja igiya. Igiya dai ta kasuwa da 'yan turaku, taku uku ko huɗu daga layin fili, 'yan kallo a bayanta, magoya bayan wannan a gefe ɗaya na wancan a ɗaya gefen, kuma ba mai tsayawa a bayan raga yana hura wa gola kunne. Abin kamar wasa amma yana aiki, hukumar ƙwallon Ingila ma da ta fito da shirinta na ladabtar da 'yan kallo a wasannin yara a 2008 irin wannan shingen ta sa a ciki, daga baya har ta riƙa ware wasu ranaku da ake roƙon iyaye su yi tafi kawai ba magana. Mu nan ba za a iya hana mutane ihu ba, ba ma a so a hana, amma a bambance. "Da kyau yaro" daban, "kai mi kake jira, karya shi" daban. Umarni kuma bakin mutum ɗaya ne, koc. Ka duba yaron da ke riƙe da bal, koc na cewa ya bayar, babansa na cewa ya buga, yayansa na cewa ya yanke, sai ya tsaya yana waige-waige har a ƙwace, sannan dukkansu su haɗu su zage shi.

Caca kuwa kar ka yi mata sassauci ko kaɗan. Yawancin mutumin da ka ga ya haukace a kan wasan 'yan sha biyu har yana cire riga, ba kishin unguwa ba ne, kuɗinsa ne a ciki.

Rafali a ɗauko shi daga wata unguwa da ba ta cikin gasar, in da hali mai takardar horo, ku masu shiryawa ku biya shi kafin wasa, kar kuɗinsa ya fito daga aljihun wata ƙungiya ko na mai gidanta. A ware mutum biyu da za su raka shi har ya hau mashin.

Yanzu koc, Allah ya ba ka haƙuri amma sai na faɗa. Na san yawancinku ba mai biyanku ko sisi, da kuɗinku kuke sayen bal da gulukos, wannan Allah ya saka. Amma hakan bai ba ka lasisin bulala ba, ko sa yaro tsallen kwaɗo a rana don ya zubar da fenariti, ko zagin uwarsa a gaban abokansa. Yaron da ake duka a kan kuskure abin da yake koya shi ne kar ya karɓi bal ɗin ma sam, ya ɓuya a bayan abokin hamayya har a tashi. In za ka yi gyara ka ja shi gefe ka faɗa masa abu ɗaya da zai yi a karo na gaba. Kowane yaro da ya zo tirenin ya samu ko minti goma ne a fili, ba wai ɗan mai sayen jesi ya buga duka ɗan mai facin taya yana ɗaukar ruwa ba. Ka kuma tashi tirenin kafin Magariba, kar ka sa lokacinsa ya ci na Islamiyya, don rabin iyayen da ke hana 'ya'yansu ƙwallo da dukan da ake yi musu a gida daga nan yake farawa.

Ruwa ba lada ba ne da za a ce sai an ci wasa. Zafin Katsina a watan Afrilu yana haura digiri 40, manyan 'yan wasan duniya ma an tsayar musu da wasa sun sha ruwa a gasar kofin duniya ta 2014 a Burazil, balle ɗan firamare. Wasa bayan La'asar, a tsaya shan ruwa a tsakiyar kowane zagaye, da azumi kuwa a ɗage ko a mayar dare. Yaron da ya bugu a kai ya tashi yana layi, ko yana amai, ko bai san ci nawa ake ba, ya gama wasa a ranar ko fainal ce, a kai shi asibiti, ba a kwara masa ruwa a ce "namiji ne kai koma" ba. A Amurka tun 2015 aka hana 'yan shekara goma zuwa ƙasa sa wa bal kai ma gaba ɗaya. Targaɗe ko karaya a fara yin hoto kafin a nufi wajen mai ɗori. Wanda kuma aka kama yana ba yara tiramol ko wata ƙwaya wai don kar su gaji, wannan ya wuce cire maki, a kore shi a kuma sanar da iyaye da hukuma.

Akwai wata maganar da ba a son faɗa. Kar a bar babba shi kaɗai da yaro a ɗaki ko a shago da sunan tausa ko nasiha, in za a yi tafiya zuwa Daura ko Funtuwa ko Kano a tafi da uba aƙalla ɗaya, kuma babba ba ya kwana ɗaki ɗaya da yara shi kaɗai. A Ingila a 2016 tsofaffin 'yan wasa da yawa sun fito suna faɗin lalatar da masu horar da su suka yi da su suna yara, a Mali ma a 2021 an kama kocin ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan mata kan irin wannan zargin. Koc na kirki ba zai ji haushin wannan dokar ba, shi ma kariya ce gare shi. In yaro ya ce ba ya son zuwa wajen wane, a saurare shi kafin a ce lalaci ne.

Sauran wasanni ma haka abin yake da ɗan bambanci. A dambe da kokawa matsalar haɗi ce, a haɗa yaro da wanda ya fi shi nesa ba kusa ba don makaɗi ya zuga, uba ko ubangida yana jin kunyar a ce nasa ya ji tsoro, to mai raba turmi ya duba girma da nauyi ba baki ba. A sukuwa ana son ƙaramin yaro don ba shi da nauyi, mai doki dai ya tambayi kansa ko zai ɗora ɗan cikinsa ba hular kwano. A intahaus na makarantu kuma iyaye mata ba a bar su a baya ba, za ka ga Hajiya ta bi malamin da ke riƙe da igiyar ƙarshe tana cewa 'yarta ce ta zo ta ɗaya, maganin wannan alƙalai uku a bakin layi da waya tana ɗaukar bidiyo.

Iyaye, duk wanda ya zo ya ce shi ejan ne zai kai ɗanku Turai a kawo kuɗin biza, kar a sayar da gona. Dokar FIFA ta hana cinikin yaro ɗan ƙasa da 18 zuwa wata ƙasa sai da 'yan keɓantattun dalilai, kamar a ce iyayen ne suka koma can da zama don wani abin da ba ƙwallo ba. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke kashe kuɗi. Yaro in ya dawo gida an ci su, a ba shi abinci tukuna, in zai yi maganar wasan shi zai fara.

Duk da haka wata rana sai an yi rigimar. In wani ya tsallake igiya, rafali ya tsayar da wasa ya tara yaran a tsakiyar fili, kai kuma kar ka je kana musayar yawu da shi a gaban ɗansa, tura dattijon nan ya kama hannunsa ya ce "Alhaji zo mu ɗan taka". In bai fita ba cikin minti biyar a tashi wasan. Hukunci kar a yanke shi a fili, a bari sai washegari kwamiti ya zauna, a rubuta a tura guruf tare da hoton takardar da suka sa wa hannu. Kuma ko ƙungiyar wanda ya sa kofin ce a cire makin, shi ya sa tun ranar zaman farko za ka gaya masa haka a gaban mutane, kuma ka karɓi kofin da kuɗin kyaututtuka ka ajiye a hannun kwamiti kafin a fara.