Siririyar safaya: kurakuran da ke barin direba a gefen titi

Duk wanda ya sayi motar Kwatano, Corolla ce ko Camry ko Accord, ya ɗaga shimfiɗar but ya tarar da wata siririyar taya kamar ta babur, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne dillali ya yi masa wayo, ya cire ta gaske ya ajiye masa wannan. Ba wayo ba ne. Haka kamfani ya ƙero motar, don a rage nauyi kuma a samu fili a but. Sai dai an yi ta ne kawai don ta kai ka wurin mai faci, mu kuwa muna ɗaukarta tamkar taya ta biyar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na iska, kuma ni kaina na faɗa cikinsa. Wata Asabar na kama hanyar Kano daga Zariya, ina wuce Tashar Yari kaɗan tayar baya ta sace. Hankalina kwance na fito da safaya, domin sati biyu kafin nan na sa an duba ta a Kwangila. Ina sauke jak sai ta kwanta kamar ba a taɓa ba ta iska ba. Wani yaro mai faci da aka ɗauko mini a kan babur ya sa geji, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wa ya ba wannan iska? Talatin aka sa mata. Ita sittin take sha." Ya goge ƙurar gefenta da tafin hannu ya nuna mini rubutun, ga shi ɓaro-ɓaro: 60 PSI, wato ma'aunin ƙarfin iskar taya. Tayoyin ƙananan motoci suna shan tsakanin 30 da 35, hannun mai faci kuma ya saba da wannan, in ba ka yi magana ba haka zai yi mata ya miƙo maka. Ita kuwa saboda ƙanƙantarta sai da iska mai ƙarfi take iya ɗaukar nauyin mota. Gyaran mai sauƙi ne: duk wata in ka tsaya duba sauran huɗun, ka fito da ita, ka faɗi 60 da bakinka, ka tsaya ka ga gejin da idonka.

Sai gudu. A jikin yawancinsu akwai takarda ruwan ɗorawa da ke cewa kada a wuce kilomita 80 a awa. Yanzu wa zai yi 80 a titin Kaduna alhali 'yan Sharon na wuce shi kamar iska? To ai dole. Faɗinta bai kai na sauran ba, abin da take kamawa na kwalta kaɗan ne, don haka birki ba ya ci yadda ka saba, a kwana kuma motar tana jan gefe. In damina ce abin ya fi muni. Ramin da babbar taya za ta shanye, ita yana iya lanƙwasa mata rim.

Nisa ma haka. Abin da aka fi ba da shawara shi ne kada ta wuce kimanin kilomita 80 zuwa 110, wato daga Zariya zuwa Kaduna ka kusa cinye rabonta. Amma je ka PZ ko Tudun Wada ka tsaya minti goma, za ka ga motar da ta yi wata guda tana yawo da ita, mai motar yana cewa sai albashi ya shigo. Zanenta ba shi da zurfi, nan da nan take suɗewa. Kuma tunda ba ta juyawa daidai da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen, a wasu motocin fitilar ABS, ta na'urar da ke hana birki ƙulle taya, takan kama.

Wannan ya kawo mu kan kuskuren da mutane ƙalilan suka sani. Corolla, Camry, Accord, Golf, duk da tayoyin gaba suke ja, nan ne nauyin inji yake, nan sitiyari yake, nan birki ya fi aiki. In ta gaba ce ta fashe kuma akwai sauran tafiya, abin da ya fi shi ne ka ciro lafiyayyar ta baya ka kai gaba, siririyar ka ɗaura ta a baya. Aiki biyu ne, na sani, ga rana ga ƙura, amma ya fi ka wahalar da giyar motar. Kada kuma ka ɗaura siririya biyu a lokaci guda, kada ka lafta mata buhunan masara daga kasuwar Giwa.

To a sayi cikakkiya kawai a huta? In kana yawan bin hanyar Kano, Funtuwa ko Jos, ko tafiyar dare takan kama ka, ra'ayina ke nan. Amma a nan ma ana yin ɓarna. Wani zai shiga Sabon Gari ya ƙirga ramukan rim, ya ga biyar, ya biya. Rim ɗin Camry da na Corolla ta 2003 zuwa 2008 duka ramuka biyar ne, amma tazararsu ba ɗaya ba ce, ɗaya ba ya hawa kan ɗaya. Ka je da motar, a ɗaura a gabanka, a juya a ga bai taɓa birki ba. Lambar girman tayar ta zama daidai da ta sauran, misali 195/65 R15. Ka kuma gwada ramin but, domin wanda aka yi wa siririya sau da yawa ba ya haɗiye babba. A tawa motar sai da shimfiɗar ta ɗago kamar yatsu uku.

Babban abin haushi shi ne a mai da suɗaɗɗiyar taya safaya don "ai ajiya ce". Roba tana tsufa ko ba ta taɓa kwalta ba, balle a zafin but na watan Afrilu. Duba gefenta bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana cewa shekara huɗu ne wa'adin taya, jami'anta kuma sukan ce a buɗe but su gani. Siririyar da ta zo da motar 2006 kuwa, mai yiwuwa sa'ar motar ce.

Tun kana gida, gwada jak ɗinka ka ga yana ɗagawa, ka gwada sifana a kan kowane noti. Masu faci da ke ɗaure noti da inji sukan matse shi har hannu ya kasa kwancewa. Ni yanzu akwai guntun bututun ƙarfe a but ɗina, ina zura shi a hannun sifana in noti ya ƙi.