Yadda ake fitar da layin ƙirga a yadin ɗinkin giciye, a cire shi ba tabo

Ɗinkin giciye aikin ƙirga ne. Gida ɗaya, wato ɗan murabba'in da ke tsakanin ramukan yadi, kika kuskure a farko, sai kin yi nisa za ki ga furen ya ƙi haɗuwa da ganyensa, daga nan sai warwara. Maganin wannan shi ne ki raba yadin gida goma-goma tun kafin ki sa zaren kwalliya, daidai da layuka masu kauri da ke jikin takardar zane. Wahalar tana wajen samun layin da zai zauna har ki gama, kuma ya fita tsaf a ƙarshe. A Jidda da Makka zafi ne ke yanke hukunci a kan wannan, don haka shawarar da aka rubuta domin ƙasashen sanyi ba kowace ce za ta yi miki aiki ba.

Fara da awo. Yadin Aida, wanda masu shagunan kayan ɗinki a nan suke kira itamin, an fi samun mai lamba 14, wato gida 14 a inci ɗaya. Gida goma a jikinsa santimita 1.8 ne. Zane mai gida 140 a faɗi da 200 a tsawo zai ci kusan santimita 25 da 36, sai ki ƙara santimita 7 a kowane gefe saboda ƙawanyar da ke miƙe yadi lokacin ɗinki da kuma firam. Idan lilin ne mai lamba 28 da ake tsallake sili biyu a kowane ɗinki, layinki zai riƙa faɗowa bayan sili 20 ne, ba 10 ba. Goge yadin yanzu, tun babu komai a kansa, domin da zarar kin yi layi dutsen guga ya haramta.

Ninka yadin biyu, ki sake ninkawa, ki sa allura a tsakiya. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami: suna jan layin farko ta tsakiyar yadi. Tsakiyar zane, inda kibiyoyin gefen takarda suka haɗu, ba lallai ta faɗa kan layi mai kauri ba. Ƙirga a takarda gida nawa ne daga tsakiya zuwa layi mai kauri mafi kusa, a tsaye da a kwance, ki ƙirga daidai wannan a yadi, daga can ki fara. Layin kuma yana bin jerin ramuka ne, tsakanin gida da gida, ba ya hawa kan gidan.

Hanya mafi aminci a wannan ƙasa ita ce zaren roba irin na kamun kifi. Nemi mai kaurin milimita 0.20 zuwa 0.25, mai launi, ja ko rawaya, don idonki ya gan shi. A Jidda shagunan kayan kamun kifi suna da shi. Sili ɗaya ne mai santsi, allura ba ta iya huda shi, sai dai ta ture shi gefe. Ba ya zuba, gumi bai dame shi ba, kuma ko shekara aikin ya yi a ajiye layin yana nan. Sa shi a allura marar tsini mai lamba 24, ki bi jerin ramuka: gida takwas a sama, biyu a ƙasa, ki daidaita yadda layin tsaye da na kwance za su gamu a fuskar yadi, su ba ki alamar giciye a kowace kusurwa. Kowane layi da nasa guntun zaren, ki bar jela ta santimita 5 a kowane ƙarshe ki ƙulla ta sako-sako, don yana sulɓewa. Kada ki ja shi da ƙarfi, yadin zai tattare. In kin gama aiki ki yanke ƙullin, ki zare daga gefe a hankali. Inda ɗinki ya yi cunkoso ki yanka shi gajere-gajere tukuna. Zai ci miki yamma ɗaya ko biyu, amma aikin da zai kai wata shida ya cancanci haka.

Zaren keke ma yana yi, sai dai allura tana ratsa shi, ya maƙale a ƙarƙashin ɗinki. In shi ke gare ki, zaɓi mai haske, ki riƙa zare shi kafin ɗinkinki ya iso wurin. Ja da baƙi suna barin gashi-gashi a farin yadi, wani jan ma yana zuba.

Alƙalami mai shuɗin tawada da ke fita da ruwa ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma ya dace da aikin makonni kaɗan. Gwada shi a gefen yadi, ki bari ya kwana, ki wanke ki gani. Ja layi siriri ba tare da dannawa ba, ko ki tsaya a ƙaramar alamar giciye a mahaɗar layuka kawai, tawadar da za ki wanke ta ragu. Abokin gabarsa zafi: guga, rana ta taga, ko jaka da aka bari cikin mota da azahar, duk suna iya kama tawadar ta zauna daram. Laimar Jidda da gumin hannu kuma suna dusashe ta tun aiki bai ƙare ba.

Wankinsa yana da ƙa'ida. Ruwan sanyi zalla ne farko, babu sabulu, domin wasu sabulai suna sa shuɗin ya koma launin ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Ki lura da famfo: a lokacin zafi tankin saman bene yana sauko da ruwa mai zafi, don haka ki tara a roba ya huce, ko ki haɗa da na firiji. Tsoma aikin gaba ɗaya na minti 15, ki canza ruwa sau biyu. Dangwala jiƙaƙƙen tsumma ba ya isa, tawadar tana shigewa ciki ne ta dawo in ya bushe. Sai kin ga babu ɗigon shuɗi sannan sabulu mai laushi, a naɗe a farin tawul, a goge ta baya.

Alƙalami mai ruwan hoda ko shunayya da ke ɓacewa da iska kwana ɗaya zuwa uku yake yi, inda akwai laima ma bai kai haka ba. Amfaninsa alamar wurin da za ki ɗinka yau. Shi kuwa alƙalamin FriXion na kamfanin Pilot, tawadarsa tana ɓacewa a zafin kusan digiri 60, wanda cikin mota a rufe yake iya kaiwa a nan, sai ki buɗe jaka ki tarar babu layi. Kuma ɓuya take yi, ba fita ba: sanyi mai tsanani yana dawo da ita, takan kuma bar farin sawu a yadi mai launi. Fensir da biro kada su kusanci yadin.

Baƙin yadi ba ya nuna shuɗin alƙalami. Zaren roba mai rawaya ya fi, ko bakin siririn guntun farin sabulu don alamar ɗan lokaci. In a hannun abaya za ki yi kwalliyar, ɗora kanfas ɗin da ake zarewa, wanda yake zuwa da shuɗin sili bayan kowane gida biyar, ki ɗinka ta cikinsa. Bayan kin gama ki ɗan jiƙa shi sitacin ya saki, ki zare silin ɗaya bayan ɗaya da hantsaki.