Yadda za ka karanta jadawalin Google Trends kafin ka saro shinkafa

1. Buɗe Google Trends (shafin da ke nuna yawan neman kalma a Google), rubuta "shinkafa", zaɓi Najeriya, sannan jihar Kebbi.

2. Mayar da lokacin zuwa shekara 5.

3. Nan ake yawan ruɗewa. Lambar 100 ba mutum ɗari ba ce, lokacin da neman kalmar ya kai ƙololuwa ne, da shi ake auna sauran. 50 rabinsa ke nan. Sifili kuwa masu nema ne suka yi kaɗan, ba mamaki, tunda a kasuwar Jega a bakin buhu ake ciniki.

4. Ƙara "masara" ka kwatanta layukan. Tudun da ke dawowa duk kaka ko gabanin azumi shi za ka bi. Na mako ɗaya, ƙila wani labari ne ya tayar da shi.