Yadda za a kai yara rigakafi a Legas, da alluran da manya ma ke buƙata

'Yan uwa mazauna Legas, musamman mu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, maganar rigakafi nake so mu yi. Abin da nake gani shi ne yawancinmu muna farawa lafiya lau, kafin suna ma an yi wa jariri ta farko, amma kafin ya kai wata tara an watsar. Wata ta tafi gida wankan jego ta shafe watanni a Katsina ko Sakkwato, wata kati ya ɓace mata a hanya, wata kuma maigida ne ya ce ai ta isa haka tunda yaro ya yi zazzaɓi ran da aka yi masa ta biyu.

Farko dai inda za a je. Ba sai kin hau mota kin tafi asibitin koyarwa na LUTH ko Janar ba, kowace ƙaramar hukuma tana da ƙananan asibitocin gwamnati, waɗanda za ki ga an rubuta PHC a allonsu, kuma alluran yara da ke cikin jadawalin gwamnati kyauta ne. Ki leƙa wanda ya fi kusa da ke ki tambayi nas wace rana suke yin wace allura, don ba kullum ake yin kowacce ba. Dalili kuwa, kwalbar BCG ta tarin fuka da ta ƙyanda ta yara da yawa ce, in aka haɗa ta aka buɗe bayan awa 6 sai a zubar da abin da ya rage, shi ya sa asibitoci da dama suke ware musu rana su tara yara. Ki yi sammako, layi yana tsawo, ki tafi da ruwa da zanin goyo na canji. In ba kya jin Yarbanci ko Turanci kar kunya ta hana ki, ki ja maƙwabciya mai jin buroka ku tafi tare, kuma kar ki baro wajen sai an nuna miki ranar dawowa a jikin katin da yatsa.

Toh ga yadda abin yake tafiya. Da an haihu akwai uku: BCG ta tarin fuka a dantsen hagu, ɗigon shan inna a baki, sai ta ciwon hanta wadda aka fi so a yi cikin awa 24 na farko. Wannan ta hantar ita nake roƙon masu haihuwa a gida su kula da ita, dan Allah kar a ce sai an yi suna, ko mai jego ba za ta iya fita ba a ba kaka ko ƙanwar uba ta kai jaririn. Daga nan sai sati 6, sati 10, da sati 14. A waɗannan zuwa ukun ne ake yin Penta, allura ɗaya ce a cinya amma cuta biyar take tarewa, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa da tetanus mai sandarar da jiki da ciwon hanta, ana haɗawa da ta namoniya, da ɗigon shan inna, da ɗigon Rota na gudawar yara wanda aka shigo da shi jadawali a 2022, akwai kuma ta shan inna ta allura. A wata 6 sai bitamin A. A wata 9 ƙyanda da shawara da sanƙarau. A wata 15 ƙyanda zagaye na biyu.

Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ake yawan tsallakewa wallahi, saboda daga sati 14 zuwa wata 9 akwai tazara, uwa ta koma sana'arta, yaro ya yi ɓul-ɓul yana rarrafe kowa ya manta. Kuma ƙyanda ba ta da wasa, a irin gidajen hayarmu da ɗaki yake jikin ɗaki yara suna wasa a baranda ɗaya, in ta kama ɗaya sai ta zagaye gidan, tana iya taɓa ido, tana iya sauka a ƙirji ta zama namoniya. Ki sa ranar a wayarki, ko ki ɗaura ta da wani abu da ba za ki manta ba, kamar azumi ko babbar salla.

Yanzu maganar kati, wadda ita ce ta fi damuna. Ran da aka ba ki shi ki ɗauki hotonsa gaba da baya a waya, duk zuwa ki sake ɗauka, ki tura wa maigida shi ma ya ajiye, shi kuma katin a sa shi a leda saboda damina da ambaliyar Legas. In tafiya gida ta kama ki tafi da shi, jadawalin ƙasa ɗaya ne, allurar da aka fara a Agege za a ci gaba da ita a Funtuwa ko Azare ba wata matsala. In kuma an makara, ko da wata uku ne ko biyar, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Da yawa tsoron faɗan nas ne yake hana su komawa, toh ki daure, faɗan na minti biyu ne. Ko katin ya ɓace gaba ɗaya ki koma inda kika fara, suna da rajista. Sannan ɗigon da masu bi gida-gida suke yi su shafa wa yaro tawada a ƙaramin yatsa, na shan inna ne kawai, ƙari ne, bai ɗauke miki zuwa asibiti ba.

Bayan Penta yaro zai iya yin zazzaɓi da rigima kwana ɗaya ko biyu, cinyar ta ɗan kumbura. Ki ci gaba da ba shi nono, ki tambayi nas adadin farasitamol daidai da nauyinsa, kar a gasa wajen da ruwan zafi kar a shafa man zafi. Wajen BCG kuma bayan 'yan makonni yakan yi ɗan ƙurji ya fashe ya bar tabo, haka yake, a bar shi kar a matse. Amma in kika ga jijjiga, ko numfashi yana sarƙewa, ko fuska ta kumbura, wannan asibiti ne nan take, lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767. Ɗan mura ko tari kaɗan ba ya hana allura, ki kai shi su duba su yanke da kansu.

Na san akwai masu ɗari-ɗari, kuma ban ce ba su da dalili ba, mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan na 1996 ba. Amma wancan sabon magani ne aka gwada a kan yara marasa lafiya, waɗannan kuwa alluran da ake yi wa yaran Yarbawa da Ibo da na malaman asibitin kansu ne a layi ɗaya da namu. Lokacin da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003 yaranmu ne suka shanye, da aka dage kuma sai ga shi a 2020 an tabbatar ainihin ƙwayar ta ƙare a Afirka. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022 ma Kano ya fi yi wa ɓarna, kuma akasarin waɗanda ya kama ba su kammala rigakafi ba. Maigida, in kana da shakka ka je da kanka ka tambaya, ka ga kwalbar da idonka.

'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 akwai ta HPV mai kare su daga kansar bakin mahaifa, an fara ta a Oktoban 2023 kuma Legas na cikin jihohin farko, allura ɗaya ce kuma kyauta.

Manya kuma. Mai ciki ana yi mata ta tetanus a wajen awo, ta farko da ta fara zuwa, ta biyu bayan sati 4, in ta cika guda biyar a tsawon shekaru ta samu kariya duk shekarun haihuwarta, kuma ita ce ke kare jariri daga tetanus ta cibiya. Maza 'yan gwangwan da mahautan Oko-Oba da masu dako da 'yan acaɓa, duk ran da ƙusa ko tsohon ƙarfe ko wuƙa ta shige ku a wanke da sabulu a je asibiti a ranar, ba a tsaya ana zuba man birki ba. Cizon kare ma haka, a wanke da ruwa da sabulu minti 15 a wuce asibiti ko da ciwon ƙarami ne. Ta ciwon hanta ta manya sai an fara gwajin jini, in babu cutar a yi uku, yau, bayan wata 1, sai a wata na 6, ita galibi ana biya, a tambayi kuɗin tun kafin a fara.

Masu fita waje, ko Makka ko fatauci Kwatano da Gana, katin allurar cutar shawara mai ruwan ɗorawa a ofishin Port Health ake karɓa, akwai shi a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja. Sai an kwana 10 da yin allurar katin yake fara aiki, don haka kar a bari sai ana gobe tafiya, kuma kar a sayi kati a hannun 'yan tasha ba tare da an yi allurar ba. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Maniyyata kuma Saudiyya tana neman ta sanƙarau, hukumar alhazai ce ke sanar da rana da wurin da za a yi.