Yadda ake ƙara wa tsohon ƙaramin jirgi gudu ba tare da an ci ƙasa ba

Duk sanda jirgin feshin jan-baki ya gifta ta fadamarmu nan gefen Haɗeja sai samari su tare ni, wai baba ku da kuka yi aikin jiragen nan, ba a yi musu wani abu su ƙara wuta ne? Ana yi mana, amma ba irin yadda kuke kwance salansar babur ba.

Ɗauki ƙaramin jirgin sama Cessna 172, tun 1956 ake sayar da shi kuma har yau tsofaffin suna tashi. Farko wanke shi tas, ƙurar hunturu da matattun ƙwari da suka manne a bakin fiffike da farfela duk gudu suke ci. Sai ka duba saiti, in ka saki sitiyari a sama ka ji yana karkata gefe guda to a kaikaice yake tafiya mai yana ƙonewa a banza, injiniya mai lasisi zai daidaita shi. Ƙofa da ba ta rufuwa sosai, tsohuwar eriya da ba ta aiki, tarkacen da aka jibge a baya, duk a rabu da su.

Rigar taya, wato murfin da ake sa wa tayoyi don iska ta wuce sumul, tana ƙara kamar mil 2 zuwa 3 a awa, amma ni da damina cire ta nake in filin na ƙasa ne, laka na cushewa ciki ta riƙe tayar.

Inda ribar take shi ne jan maɓallin nan na daidaita mai da iska. In ka hau sama ka daidaita tafiya, iska ta yi ƙaranci, sai ka riƙa janyo shi a hankali har injin ya fara ɗan gargada sannan ka mayar kaɗan ya koma sumul, idonka na kan zafin inji, kuma yadda littafin jirgin ya ce. Ka sauko da ƙarfin inji daga kashi 75 zuwa 65, 'yan mintuna kawai za ka makara amma mai zai yi auki sosai.

Zafinmu kuwa ba abin wasa ba ne wallahi. Kano tana kusan ƙafa 1,500 sama da teku, amma ranar da zafi ya kai 40 a watan Afrilu jirgi ji yake kamar yana kusan ƙafa 5,000, gudun ƙasa kafin tashi ya yi tsawo, hawa ya yi nauyi. Shi ya sa kafin ka sa farfela mai gudun tafiya, wato wadda aka ƙera don ƙara gudu a sama, ka auna tsawon filinka, don tana rage ƙarfin tashi. Ka tashi da sassafe, ka rage kaya.

Canjin farfela ko inji sai da takardar amincewa da sa hannun da NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, ta yarda da shi, man bakin titi kuma kar ya kusanci tankin. Sannan kullum ka leƙa ɗan bututun auna gudu da ke ƙasan fiffike, zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki, in ya toshe allurar agogon gudu ƙarya za ta yi ta maka.