Kwamfutar wasanku ta isa tace bidiyo

'Yan uwa masu wasan kwamfuta, in kuna sha'awar tace bidiyo, kada ku sayi wata na'ura, kada ku biya kuɗin manhaja. Ku sauke manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve daga shafin kamfanin Blackmagic Design. Akwai na kyauta, yana fitar da bidiyo har 4K.

Abin da ya sa: katin GPU, wato katin sarrafa hoto da ke ɗaukar nauyin wasanninku, shi wannan manhaja take dogara da shi wajen gyaran launi. Ƙarfin da masu tace bidiyon biki suke nema da kuɗi, ku yana kan teburinku.

Amma in RAM ɗinku 8GB ne, za ku sha wuya, sai ta riƙa maƙalewa. A nemi 16GB. Laftof kuma a jona ta da wuta, a kan batir ƙarfinta raguwa yake.

Bidiyon waya wani lokaci murya kan riga hoto, baki na motsi magana ta wuce. Don gyara wannan, ku fara bi da shi ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, ita ma kyauta ce, ku zaɓi Constant Framerate, wato saurin hoto ya zama bai-ɗaya.

DaVinci Resolve tana da nauyi, ku sauke ta da datar dare.