Yadda gida zai tsara kuɗin jinyar mai taɓin hankali tare da shi

A Ingila da wasu jihohin Amurka kamar Fulorida, hukuma kan ware wa mai murmurewa daga taɓin hankali wani kaso na kuɗi, ya zaɓi abin da za a kashe su a kai tare da jami'in da ke ba shi shawara. Mu a karkarar Kano da Jigawa kuɗin jinya daga aljihun dangi suke fitowa, amma babu abin da zai hana gida ya ɗauki wannan tsari.

A fara da zama da shi lokacin da ya samu sauƙi, a tambaye shi abin da yake so ya koma yi, noma ne, kiwo ne, ko ɗinki. Na sha ganin an gama shawara a zaure alhali mai ciwon yana ɗaki, sai dai ya ji labari, duk da cewa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta ba shi haƙƙin a ji ta bakinsa.

Sai a samu littafin rubutu irin na 'yan firamare, a rubuta wa ya ba da nawa, a raba kuɗin kaso biyu. Kaso na farko na magani ne da kuɗin mota zuwa asibiti, Dawanau ko Kazaure, kuma na mutum biyu za a lissafa saboda mai rakiya. Wannan kason tun kaka ake ware shi, da an sayar da gyaɗa ko riɗi, domin tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, a lokacin ne kuma ake yawan yanke magani ciwo ya dawo. Likita kaɗai ke da hurumin rage magani, komai kyan da jiki ya yi.

Kaso na biyu nasa ne. Idan ya ce akuya yake so, ko da baffansa yana ganin tunkiya ta fi riba, a saya masa akuyarsa, a riƙa ba shi kuɗin dusa kaɗan-kaɗan ranar kasuwa.

Tun yana cikin natsuwa ya faɗi da bakinsa wanda zai riƙe littafin da kuɗin idan ciwon ya fara nuna alamar dawowa, kamar barci ya ƙaurace masa, a rubuta sunan a shafin farko gaban shaidu biyu, a kuma riƙa duba lissafin tare duk ƙarshen wata.